Ranin da Aka Mai da Yayana Boka

Ina wankan jegon ɗana na fari a gidanmu yayana ya dawo hutu daga Turai. Rani ne, can wajen ƙarshen shekarun dubu biyu da 'yan kai, tumatir ya fara ja a gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure. Zaman jego zama ne na gundura. Da safe Gwaggo, yayar Babanmu, ta fyaɗe ni da ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa, da yamma ta maimaita, a tsakani kuma a ɗura min kunun kanwa har in ji shi a hanci. Ba fita, ba leƙe. Ni kuwa Allah ya yi ni da son dariya tun ina ƙarama, don haka duk abin da ya gifta ta tsakar gida sai na mai da shi abin kallo.

Ba don ni Yaya ya dawo ba, aure ne ya kawo shi. Akwai wata malamar firamare a wani ƙauye tsallaken babban kanal na ruwan noman rani, ta wajen Bunkure, wadda suka daidaita tun yana jami'a a nan gida. Ta jira shi har ƙannenta mata suka yi aure suka haihu. Mahaifinta ya gaji da surutun mutane, ya aiko cewa wannan zuwan shi ne na ƙarshe: ko a tsayar da magana kafin Yaya ya koma, ko kowa ya kama gabansa. Kuma kamar yadda aka saba, ba a ba da 'ya sai an yi bincike, an san asalin mutum da halinsa da sana'arsa. Asali da hali ba mu da fargaba a kansu. Sana'ar ce ta hana Baba barci, domin shekara da shekaru in aka tambaye shi me ɗansa yake yi, sai ya ce karatu. Yanzu ga ɗan har da gemu, ba a ba mai gemu mata a kan karatu kawai.

Wata safiya bayan an gama dafa ni, ina zaune a inuwa ina huci, na ce, "Yaya, don Allah in mata suka tambaye ni aikinka, me zan ce musu?"

Da na san abin da zan jawo, da ma tun ranar da ya sauka na tambaya. Fuskarsa ta washe, ya shiga ɗaki da sauri ya ɗauko kwamfutarsa, ya zauna a kan turmi. Inna tana gefe tana saƙar tabarma, Gwaggo tana shanya kayan jariri.

Ya ce a jikin duk wani abu mai rai akwai wani zare siriri wanda ido ba ya gani, ana ce masa DNA. Su a wurin aikinsu sukan ɗauki dogo guda ɗaya, su haɗa shi da gajeru masu yawa a cikin ruwan gishiri. Kowane gajere yana da inda yake kamawa a jikin dogon, ya kama nan ya kama can, ya jawo su su haɗu. Sai a ɗumama ruwan, a bar shi ya huce a hankali, kafin ya gama hucewa dogon zaren ya ninke kansa ya zama siffar da aka tsara. Shi tasa siffar mai kusurwa uku ce. A kanta yake ɗora ƙwayar abu guda tak, mafi ƙanƙantar abin da ake iya rabawa ya ci gaba da zama kansa, don ta zauna daidai inda ake so, ta kuma fuskanci inda ake so. Ya ce in ba a yi mata wannan mazauni ba, yawo take yi a ruwa, babu mai iya ce mata zauna.

Ya juyo mana da kwamfutar. Hoto ne mai duhu, an watsa wasu 'yan abubuwa masu kusurwa uku a kai, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar an zubar da su daga aljihu. Ya ce sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

Gwaggo ta goge hannu a zani ta matso. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Au, layu ne ashe."

"A'a Gwaggo, ba layu ba ne, kimiyya ce."

"Tsaya, ɗan nan. Ninkewa ake yi?"

"Eh, ninkewa ake yi."

"A ɗinke?"

"To, kusan haka ne, gajerun su ke riƙe shi."

"A sa wani abu a jiki wanda ba a gani?"

"Eh, amma..."

"In ta warware fa?"

"Ta lalace ke nan, sai a sake wata."

Gwaggo ta tafa hannu ta dubi Inna. "Kin ji ko? Shekara nawa ana ɓoye mana. Yo wannan ai abin alfahari ne, har Turawa sun san da shi."

Na yi dariya har jariri ya saki nono ya tsala ihu. Tun daga ranar na daina ce masa Yaya, sai Allah gafarta Malam. Ya harare ni, na ƙara da durƙusawa.

Gidan mai jego kuwa ba ya rabo da mata. Masu zuwa barka ba su yanke ba, daga Kura, daga ƙauyukan bakin kanal, har daga Madobi inda dangin Inna suke. Duk wadda ta zauna, kafin ta gama juya jariri tana neman wanda ya ɗauko kama, Gwaggo ta rage murya ta ba ta labari. Kwana kaɗan aka fara sallama da Yaya. Wata mijinta tsutsa ta addabi tumatirinsa. Wata ɗanta ba ya barci. Wata ba ta faɗi damuwarta ba, ta dai ce kishin maƙwabta ya yi yawa.

Yaya ya yi rantsuwa ya gaji. Da ya ga baki ya kasa, sai dabara ta zo masa, irin dabarar masu ilimi. Ya ce ai laifinsa ne, bai yi bayani yadda za a gane ba. Ya zari kaba guda daga ƙunshin da Inna take saƙa da shi, ya karya tsinken tsintsiya guntu-guntu, ya zauna a gaban mata yana nunawa. Ga dogon zare, ga gajeru. Ya ninke kabar nan, ya soke da tsinke, ya sake ninkewa ya soke, har ta fito da kusurwa uku tsaf. Gaskiya hannunsa na da kyau. Ya ɗaga ya ce, "Kun gani? Babu rubutu, babu tofi. Haka muke yi, sai dai namu ƙanana ne ƙwarai."

Matan suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya ƙara sani. Sai ɗaya ta ce, cikin ladabi, "Malam, in tafi da wannan?"

Ya ba ta da murna. Ta kusa da ita ma ta ce a yi mata bayanin. Ya sake zarar kaba.

Haka aka shiga yi kullum. Maza ma suka fara tsayawa a ƙofar gida in sun taso daga ban ruwa, da laka har gwiwa, su ce sun zo a yi musu bayanin nan. Yaya ya riƙa shigowa yana cewa bai taɓa sanin mutanenmu na son ilimi haka ba, a can Turai sai ka yi ta magana ɗalibai na hamma. Abin da bai sani ba, kowa in zai tafi sai ya bi ta wajen Gwaggo ya ajiye ɗan abin sadaka: ƙwai, albasa, kwanon tumatir. Gwaggo ta soya min ƙwan, ta ce mai jego na bukatar ƙarfi. Sau ɗaya na gaya masa gaskiyar abin da ake yi da kabar tasa, ya ce matsalata ke nan, na raina basirar mutanen ƙauye. Na ci gaba da cin ƙwaina.

Bafillatanar da ke kawo mana nono ita ta ba ni cikakken labari. Ta ce yanzu in ka bi bakin kanal, gona bayan gona za ka ga sanda a kafe da abin Malam yana lilo a kai, kusa da tsummokara da ledojin korar tsuntsu. Ita ma ta ɗaura ɗaya a ƙahon saniyarsu mai yawan ɓari. A nan ne dariyata ta ɗan tsaya, domin na tuna wanda aka ce za a turo bincike.

Baffan yarinyar ne, yayan mahaifinta. Duk yankin an san shi. Shi ke daidaita sahu a masallacinsu, kuma ba a tayar da salla sai ya bi ya tura wannan ya jawo wancan. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne laya. Akwai ɗan almakashi a aljihunsa, in ya je suna aka miƙo masa jariri ya yi addu'a, sai ya laluba wuya da ƙugu, in ya ji wani abu ya datse, ya mayar wa uwar ɗanta. Ba ya hawa acaɓa, ya ce yaran ba su da hankali. Don haka ranar da zai zo gidanmu, da ƙafa ya biyo bakin kanal tun daga garinsu, yana tafe yana kallon gonaki.

Bayan la'asar ya iso. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, Baba ya zauna, aka kira Yaya. Ni kuma na ce wa Gwaggo ɗakin ya yi min zafi, na ɗauki jariri na je na zauna a jikin bangon zaure ta ciki. Ba ta hana ni ba, don ita ma tabarmarta ta jawo.

Aka gaisa, aka tambayi ruwa da amfanin gona. Sai muka ji ƙarar abu ya zube a tabarma. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Baffa ya juye aljihunsa, ga kabar Yaya nan tuli.

Ya ce, "Ɗana, an ce aikinka ne wannan."

Yaya ya dube su, ya dubi Baba. Wallahi sai a lokacin ya gane. Na ga wuyansa ya jiƙe da gumi nan take. Ya ce, "Ni na yi su, Baffa, amma ba abin da ake zato ba ne."

Baffa ya ciro almakashi, ya zare tsinkayen ɗaya, ya warware kabar har ƙarshe, ya duba gaba ya duba baya. Ya ce, "Babu komai a ciki. To ɗayan biyu ne. In akwai abin da ka sa wanda ba na gani, kai boka ne. In babu, ka yaudari bayin Allah. Wanne zan je in gaya wa ƙanena?"

Yaya ya fara bayani. Tsoro ya sa Hausarsa ta gudu, Turanci ya riƙa zubo masa, yana yi yana zana abu a iska da yatsa. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Gwaggo ta raɗa min cewa yaron ya fara karanto sunayen aljanunsa, na toshe baki da zanin goyo. Amma a raina tausayi ne ya kama ni. Ina kallon auren da aka jira shekaru yana zamewa saboda tsinken tsintsiya.

Baffa ya ɗaga hannu. "Bar yaren nan. Tambaya zan yi maka, ka ba ni amsa gajera. Na can ɗin, na gaskiyar, maganin me yake yi?"

"Ba ya maganin komai."

"Me ake yi da shi?"

"Yanzu dai ba a yin komai da shi. Muna fata wata rana a yi na'urori ƙanana da shi, masu aiki da haske. Akwai ƙwayoyin da ke ba da haske, amma sai sun fuskanci inda ya dace ake samun hasken sosai."

"To suna fuskantar?"

Yaya ya ce, a hankali, "Ba sa yi, Baffa. Mukan yi musu gurbi daidai siffarsu a kan wani ɗan faranti, kuma suna zama a gurbin. Amma gefen nan uku duk tsawonsu ɗaya, don haka kowacce ta ga dama ta juya ta inda take so. Wata ma a kife take faɗawa. Shekarata ta uku ke nan a kai, ban ci nasara ba."

"Kana nufin aikin naka ba ya ci?"

"Bai ci ba tukuna."

"Kuma suna ba ka abin da za ka ci da iyali a kan haka?"

"Suna ba ni."

Baffa ya jingina da bango. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya juya wajen Baba ya ce, "Alhaji, na ga bokaye iri-iri a rayuwata. Ban taɓa ganin wanda ya ce maganinsa ba ya ci ba. Wannan ba boka ba ne." Ya sake duban Yaya, muryarsa ta ɗan sauko. "Ni ma tun kafin a haife ka nake gyaran sahu, har gobe in na juya baya sai wani ya karkace. Na san ciwon."

Baba ya saki numfashi. Ni ma na saki. Ashe da sauran magana.

Baffa ya ce, "Amma ɓarnar da ka shuka, kai za ka tuge ta. Duk inda abin nan yake, ka je da ƙafarka ka karɓo, ka gaya wa mai shi da bakinka cewa ba ya maganin komai. In ka tattaro, ka kawo min gida. Sannan a yi maganar aure."

Washegari Yaya ya ɗauki buhun taki da hular kaba ya fita. Na yi masa Allah ya kiyaye hanya, Allah gafarta Malam, bai ko juyo ba. Bayarwa ta yi sauƙi, karɓowa ce aiki. Wani manomi ya ce tun da ya kafa tasa tsutsa ba ta taɓa tumatirinsa ba. Yaya ya ce ai feshi ya yi. Mutumin ya ce bara ma ya yi feshi. Wani ya ce ya gane, an samu wanda ya fi shi ne ake so a ƙwace a kai masa. Wata tsohuwa ta ɓoye tata a cikin tukunyar daddawa ta rantse ba ta taɓa gani ba, sai da jikarta ta tona. Da yawa kuma da suka ji ya ce ba ta maganin komai, sai suka yi murmushi suka ce haka manyan malamai suke, ba sa yabon kansu. Saniyar Fulani kuwa ba ta yarda da bayani ba sam. Ta bi shi da gudu har ya faɗa ƙaramin kanal, ya dawo gida jiƙe da takalmi ɗaya. Gwaggo ta daina yi masa magana, don ƙwai ya yanke.

Kwanakin hutunsa na ta ƙarewa, shi kuma kullum yana bakin gona. Ya yi baƙi, ya rame, ƙaya ta yayyage masa ƙafa. Ban taɓa sanin yana son yarinyar nan har haka ba sai a wannan makon. Mutumin da ko tsintsiya ba ya ɗagawa a gida, ga shi yana durƙusa wa masu ban ruwa yana roƙon su ba shi kaba.

Ana saura kaɗan ya koma, shi da Baba suka ɗauki buhu suka tafi garin su yarinyar. Abin da ya faru a can daga bakin Baba na ji, lokacin da yake ba Inna labari a tsakar gida, yana yi yana share hawayen dariya.

Ya ce an zauna a zaure, ga Baffa, ga mahaifin yarinyar. Yaya ya juye buhu. Baffa ya tona tulin da sandarsa, ya ce, "Ka tabbata babu saura?"

Yaya ya ce iyakar saninsa babu.

Baffa ya ce, "Akwai ɗaya. A cikin gidan nan take."

Ashe wata mata 'yar garinsu da ta zo min barka ta karɓi bayani har sau biyu, ta kai wa malamar kaba ɗaya. Matar Baffa ta gan ta rataye a ƙusa a ɗakin yarinyar, ta kai rahoto. Yaya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baffa ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce ta shiga ta karɓo.

Aka jira. Tsohuwar ta dawo ta tsaya a bayan ƙyaure, hannu babu komai. Baffa ya ce ina take. Ta ce yarinyar ta hana. Ya ce ta hana kamar yaya, me ta ce? Tsohuwar ta ce ita dai ba za ta iya maimaitawa a gaban baƙi ba. Baffa ya buga sanda a ƙasa ya ce ta faɗa.

Ta ce, "Cewa ta yi ta fi kowa sanin ba ta maganin komai, don shekara da shekaru yana yi mata bayanin a waya har kunnenta ya yi zafi. Ta ce ba laya ba ce. Wai aikin hannun mijinta ne, ba ta bayarwa."

Baba ya ce mahaifin yarinyar ya kafa wa tabarma ido kamar ranar ya fara ganinta. Can Baffa ya mayar da almakashinsa aljihu, ya ce, "To mu zaman me muke yi a nan? Ai an riga mu daga ciki. A kawo goro."

Duk wannan labarin da Baba ke bayarwa, Yaya ba ya wurin. Yana shigowa ya wuce ɗakinsa. Sai dab da magariba, bayan Gwaggo ta gama fyaɗe ni ta tafi alwala, na ji motsi a ƙofar ɗakina. Shi ne, tsaye da ƙafafunsa masu tabon ƙaya, yana murza labule da yatsa. Na gyara zama, na shirya tsokanar da na tanada tun rana.

Ya ce, "Kin ji abin da ta ce?"

Na ce na ji.

Ya ce, "A gaban Baffanta fa. A gaban mahaifinta." Ya dube ni da jajayen idanu, babban mutum mai gemu, ya ce, "Mijinta ta ce."

Na fasa tsokanar. Na ce, "Na ji, Yaya. Shigo ka zauna."